Shin Gwamna Na Da Ikon Rufe Iyakar Jiharsa Idan Annoba Ta Ɓarke?

Duk lokacin da aka ji ɓullar wata cuta mai yaɗuwa, ko amai da gudawa, ko zazzaɓin Lassa, ko mashaƙo irin wanda ya addabi Kano a 2023, ba a jimawa sai ka ga wani ya hau Facebook ya rubuta cewa a rufe boda kawai, kada a bar kowa ya shigo mana. Kafin ka ce kwabo an cika ƙasan rubutun da martani. Wannan ya ce ai gwamna ne shugaban tsaro a jiharsa, abin da ya ga dama shi zai yi. Wancan ya ce ƙarya ne, Najeriya ƙasa ɗaya ce, babu mai hana ɗan ƙasa wucewa. Daga nan sai zage-zage, a watse ba tare da ko mutum ɗaya ya buɗe kundin tsarin mulki ba.

Tambayar kuwa ba ta wasa ba ce, domin an taɓa yi mana, kuma yawancinmu da wayonmu a lokacin. A 2020 an datse hanyoyin da ke tsakanin jihohi na tsawon watanni. Ɗalibai sun maƙale a garuruwan da ba nasu ba, 'yan kasuwa sun yi asara, wasu kuma sun rasa rayukansu a hannun masu tabbatar da dokar kulle. Tunda babu wanda ya yi mana alkawarin cewa korona ce annoba ta ƙarshe, ya kamata mu san matsayin doka tun yanzu.

Yadda aka yi a 2020

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Wata ɗaya bayan haka gwamnoni suka fara rufe ƙofa. Gwamna Nyesom Wike ya rufe iyakokin Ribas daga ranar 26 ga Maris. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta rufe na Kano daga ranar 27 ga Maris, alhali sai ranar 11 ga Afrilu aka samu mai cutar na farko a jihar. Kaduna ta Nasir El-Rufai ita ma ta sa dokar hana fita a cikin makon. Wasu jihohin suka bi sahu, kowa da irin nasa salon.

Ranar 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, ya sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja na kwana 14. Ranar 22 ga Afrilu Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya ta amince da hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ranar 27 ga watan, ana cikin azumi, shugaban ya sake fitowa ya sanar da haramta tafiye-tafiyen fasinja tsakanin jihohi in ba na dole ba, da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, da kuma kulle Kano na mako biyu. An bar motocin abinci da kayan masarufi su riƙa wucewa. Haka aka yi ƙaramar Sallah, sai ranar 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyi.

Tun a daren jawabin farko gardama ta tashi. Farfesa Wole Soyinka ya fito ya tambaya ko shugaban ƙasa na da ikon rufe iyakokin jihohi. Lauya Ebun-Olu Adegboruwa ya ce matakin ya saɓa doka. Antoni-Janar na Tarayya na lokacin, Abubakar Malami, ya ce shugaban bai kauce hanya ba. To wa ke da gaskiya? Bari mu bi abin daki-daki.

Sashe na 41 da sashe na 45

Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan Najeriya 'yancin zuwa ko'ina a faɗin ƙasar, da 'yancin zama a duk inda ya so. Bakano na da damar zuwa Fatakwal ba tare da neman izinin kowa ba, kamar yadda ɗan Inugu ke da damar buɗe shago a Sabon Gari. Sashe na 15 ma ya ɗora wa gwamnati nauyin ƙarfafa zirga-zirgar mutane da kaya a tsakanin sassan ƙasa. Wannan shi ne makamin masu cewa ba a isa a rufe ba.

Sai dai yawancinsu a nan suke tsayawa, ba sa ƙarasawa sashe na 45. Wannan sashen ya yarda a taƙaita wasu 'yanci, ciki har da na zirga-zirga, saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko lafiyar al'umma, ko kare haƙƙin wasu mutane. Ke nan 'yancin tafiya yana da iyaka, kuma annoba na cikin dalilan da kundin ya amince da su. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya ji labarin yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya samu labarin annoba ta ɓarke a can.

Amma sashe na 45 ya gindaya sharaɗi biyu, kuma a nan gizo ke saƙar. Na farko, sai da doka za a taƙaita 'yancin. Na biyu, dokar sai ta kasance mai hujjar da hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Idan ɗaya ya faɗi, matakin ya faɗi, komai kyawun niyyar wanda ya ɗauke shi.

Sanarwa daban, doka daban

Mu a nan mun saba, da zarar an ji a rediyo cewa gwamna ya ba da umarni, shi ke nan magana ta ƙare. Kotu ba haka take kallon abin ba. Shekaru kafin korona, Legas na hana fita da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli. A 2015 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce babu dokar da ta halatta tsare mutane a gida a wannan rana. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin da aka yi wa wata mata da aka kama tana tafiya a lokacin tsaftar, ta ce umarnin gwamna shi kaɗai bai zama doka ba. Sashe na 36 ma ya ce ba za a hukunta mutum a kan wani laifi ba sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a cikin doka.

Ma'anar wannan ita ce, jawabin talabijin, da rubutun mai magana da yawun gwamna a Twitter, da matsayar taron gwamnoni, babu ɗaya daga cikinsu da ya isa ya hana ka wucewa shi kaɗai. Sai an samu rubutacciyar doka da ta ba da ikon, sannan a bi hanyar da ta tsara. Ita kanta fadar shugaban ƙasa ta san da haka. Shi ya sa washegarin jawabin, ranar 30 ga Maris, Buhari ya sa hannu a kan ƙa'idojin korona na 2020 domin kullen ya samu gindin zama.

Dokar da ta girmi kakanninmu

A kan me aka dogara wajen rubuta waɗannan ƙa'idoji? A kan Dokar Killacewa ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa shekara 34 kafin samun 'yancin kai. Dokar ta bai wa shugaban ƙasa ikon ayyana wata cuta a matsayin mai haɗari, da ayyana wani wuri a matsayin wanda cutar ta kama, da kuma yin ƙa'idojin hana ta tsallakawa daga wani wuri zuwa wani a cikin Najeriya. Idan kana son sanin tsufanta, duba hukuncin da ta tanada: tarar naira 200, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Naira 200, kuɗin da yau ko cikinka ba za su cika ba.

Gwamnoni kuma sashe na 8 na dokar suka riƙe. Sashen ya ce inda shugaban ƙasa bai ɗauki mataki ba, gwamna na iya ɗauka a jiharsa. Tunda ƙa'idojin Buhari na farko Legas da Ogun da Abuja kawai suka shafa, sauran gwamnoni sun samu ƙofa. Kaduna, alal misali, ta haɗa wannan doka da dokar lafiyar al'umma ta jihar wajen kafa hujjarta.

Sai dai lura da kyau, wannan ikon aro ne. Killacewa na cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, ita ce lamba ta 54 a jerin. Majalisar dokokin jiha ba za ta zauna ta yi tata dokar killacewar ba. Gwamna na tsayawa ne a gurbin shugaban ƙasa, kuma da zarar shugaban ya shigo da nasa ƙa'idojin, nasa ne a gaba. Kayan aro kuwa, an ce ba ya rufe katara.

Titin na wa ne?

A ce gwamna ya bi duk waɗannan matakai. Har yanzu da sauran rina a kaba. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kwanar Ɗangora zuwa Zariya da Kaduna ta Gwamnatin Tarayya ce. Zirga-zirga a kan manyan titunan tarayya, da kasuwanci tsakanin jihohi, da sufurin jiragen sama, duk suna cikin wancan jeri na Majalisar Tarayya. 'Yan sandan da za su tsaya a shingen ma na tarayya ne. Gwamna na iya bai wa kwamishinan 'yan sanda umarni, amma sashe na 215 ya bai wa kwamishinan damar neman a miƙa maganar ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar.

Ka ɗauki mutumin da ya taso daga Katsina zai je Bauchi. Ba shi da niyyar kwana a Kano, wucewa kawai zai yi. Idan Kano ta rufe, ta hana shi zuwa wata jihar da ba ruwan gwamnan Kano da ita. Wasu lauyoyi na ganin gwamna na iya kulle cikin jiharsa, amma ba shi da hurumin datse titin tarayya. Wasu kuma na cewa ikon hana cuta shigowa ba shi da amfani idan ba za a iya tare ƙofa ba.

An ga wannan rikici ƙiri-ƙiri a Ribas. A watan Afrilun 2020 gwamnatin jihar ta sa aka kama matuƙa biyu na kamfanin jirage masu saukar ungulu na Caverton, bisa zargin shigo da fasinjoji bayan an rufe iyaka, har aka gurfanar da su a kotu. Ministan sufurin jiragen sama na lokacin, Hadi Sirika, ya fito ya ce Gwamnatin Tarayya ce ta ba su izini, kuma harkar jirage ba ta jiha ba ce. Gwamnatoci biyu, ƙasa ɗaya, kowa na cewa shi ke kan doka, matuƙan kuma suna tsare.

Dokar ta-ɓacin da ba a ayyana ba

Akwai wata hanya da kundin ya tanada wadda ba a bi ba. Sashe na 305 ya bai wa shugaban ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci idan wani bala'i ya auku ko yana dab da aukuwa. Amma sai kashi biyu cikin uku na 'yan kowace majalisa, ta Dattawa da ta Wakilai, sun amince: cikin kwana biyu idan suna zama, cikin kwana goma idan suna hutu. Wa'adinta wata shida ne, sai in an sabunta. Gwamna shi kansa ba ya ayyana ta. Iyakarsa ya roƙi shugaban ƙasa, bayan kashi biyu cikin uku na majalisar jiharsa sun goyi baya.

Gwamnatin Buhari ba ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan korona ba. Wannan shi kaɗai bai sa kullen ya zama haramtacce ba, domin sashe na 45 bai ce sai da ita ba. Abin da aka rasa shi ne muhawara. Da an bi ta majalisa, da wakilanmu sun tashi sun yi tambaya a bainar jama'a: har zuwa yaushe, wa aka ware, me za a ba wanda aka hana nema? Sai ga shi an ɗauki mataki mafi girma a kan 'yancin tafiya tun dawowar mulkin farar hula ba tare da an kaɗa ƙuri'a a kansa ba.

Wa ya ji a jikinsa?

Sharaɗi na biyu, wato hujjar da hankali zai ɗauka, ba a takarda kawai ake auna shi ba. Ana duba ko matakin ya yi aikin da aka ce zai yi, da kuma ko cutarwarsa ba ta fi amfaninsa ba.

Duk wanda ya bibiyi labarai a lokacin ya san yadda shingayen suka kasance. Direbobi sun yi ta kokawa da karɓar na goro. An sha kama tireloli ɗauke da mutane a ɓoye cikin buhuna ko tsakanin shanu. 'Yan acaɓa sun buɗe ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Mai hali ya wuce, talaka ya kwana a bakin titi. Shingen da kuɗi ke buɗewa bai tare cuta ba, marar kuɗi kawai ya tare.

Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a mako biyun farko na kullen, adadin da ya zarce waɗanda korona ta kashe a ƙasar a daidai lokacin. Babu sashen kundin tsarin mulki da ya ce hukuncin karya dokar kulle shi ne harsashi.

Sai kuma batun almajirai. A daidai lokacin da gwamnonin Arewa ke cewa kowa ya zauna inda yake, su da kansu suka riƙa loda yara a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Gwamnatin Kaduna ta sanar cewa da dama daga cikin waɗanda aka dawo mata da su daga Kano suna ɗauke da cutar. Yaran nan 'yan Najeriya ne, sashe na 41 ya ba su damar zama a duk inda suke, sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Ko me mutum ke tunani game da tsarin almajiranci, da wuya a kare matakin da ya hana babba tafiya saboda cuta, sannan ya tilasta wa yaro tafiya a tsakiyar cutar.

Yadda wasu suka warware tasu

Ba mu kaɗai muka shiga wannan ruɗani ba. Ostireliya ma tarayya ce, kuma sashe na 92 na kundinta ya tabbatar da 'yancin kasuwanci da zirga-zirga tsakanin jihohi da kalmomi masu ƙarfi. Jihar Yammacin Ostireliya ta rufe iyakarta a watan Afrilun 2020. Wani hamshaƙin attajiri mai harkar ma'adinai, Clive Palmer, da aka hana shi shiga, ya garzaya kotu. Aka saurari masana cututtuka, aka auna ko rufewar na hana yaɗuwar cutar. Ranar 6 ga Nuwamba, 2020, kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa dokar agajin gaggawa ta 2005 da jihar ta dogara da ita ba ta saɓa wa kundin ba. Palmer ya sha kaye, amma ƙasar ta samu amsa a rubuce. Mu kuwa da aka buɗe hanya ranar 1 ga Yuli sai kowa ya kama gabansa, muhawarar ta mutu ba tare da Kotun Ƙoli ta raba gardama ba.

A gida ma muna da darasi. A 2014 Ebola ta shigo Legas ta kuma tsallaka Fatakwal. Ba a rufe iyakar jiha ko ɗaya ba. An bi sawun kusan mutum 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, aka killace waɗanda suka kamu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da ita. Gaskiya ne Ebola ba ta yaɗuwa kamar korona, don haka maganin wannan ba lallai ya yi wa waccan ba. Abin lura shi ne, rufe iyaka ba shi ne matakin farko ga kowace cuta ba, kuma wanda zai rufe shi ke da nauyin nuna cewa babu wata hanya mai sauƙi.

To yanzu fa?

A taƙaice, kundin tsarin mulki bai haramta taƙaita tafiya tsakanin jihohi a lokacin annoba ba. Shugaban ƙasa na da madogara a Dokar Killacewa. Gwamna na da ikon aro a cikin jiharsa, ikon da ke raunana idan aka zo kan titin tarayya da filin jirgi da matafiyi mai wucewa. Dukansu biyu kuma babu wanda bakinsa doka ne.

A 2020 Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gabatar da ƙudirin da zai maye gurbin dokar 1926. Ƙudirin ya sha suka, ana cewa an kwafo shi daga dokar Singafo kuma ya tara wa jami'ai iko fiye da kima, bai kuma zama doka ba a lokacin. Da yawanmu a soshiyal midiya mun tsaya ne a kan jita-jitar allurar dole, muka bar ainihin tambayoyin: wa ke da ikon rufewa, na kwana nawa, wa zai sa ido, ina wanda aka zalunta a shinge zai kai kuka?

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ranar da aka sake cewa an rufe boda, kafin ka tura wa guruf ɗinku, nemi sanin abu huɗu. Wace doka aka dogara da ita, kuma ina takardar? Wa ya sa hannu? Yaushe wa'adin zai ƙare? Wane tanadi aka yi wa marar lafiya, da ɗalibi, da mai neman abin da zai ci a ranar? Yin waɗannan tambayoyi ba taurin kai ba ne, kuma ba ya hana ka bin shawarar likitoci. Idan kuma aka take maka haƙƙi, sashe na 46 ya ba ka damar zuwa babbar kotu a jihar da abin ya faru, ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam da ke karɓar ƙorafi.

Ɗan majalisar da ke wakiltarka yana da shafi a Facebook, kuma lokacin zaɓe zai zo neman ƙuri'arka. Tambaye shi matsayinsa a kan sabunta dokar annoba tun ana zaune lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.